Ƙasar da Na Ɗebo a Gonar Ƙanin Mijina

Kai mai wannan fili, da ku masu kasa kunne a inuwa in ana karanta jarida, ku cinko mini wannan tukuna: wane ne in ya fito da ƙuraje a yi masa barka, in jikinsa ya yi sumul a yi masa jaje? In ka cinka, na san kai ne za ka fisshe ni. In ka kasa, ba ni gari, ka miƙa takardata ga wanda ya fi ka. Amma don Allah a taimake ni, don na gaji, kuma gajiyar ba ta fartanya ba ce.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ajami ne irin na 'yar malam da ta tsaya a rabin hanya, wanda zai mayar da shi boko zai sha fama, Allah ya ba shi lada. Ni tsohuwa ce a wani ƙauye bayan Yalwawa, a ƙasar Dutse. Shekarar da Nasara suka shigo Kano ina da goyo, sai ka lissafa da kanka, in kana neman mata ne ka san ka makara.

Ga yadda abin yake. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya bar gonar gandu a gindin dutse, ƙasa ja mai laushi, ga gawo a tsakiya. A gonar nan na tsufa. Gero da dawa na maza ne, waken da ke tsakanin kunya nawa ne, kuma da shi na ciyar da gidan nan a shekarar yunwa, sa'ad da masu rumbu suka koma tonon gidan tururuwa. Ƙosaina kuwa ba sai na yabe shi ba, ka tambayi duk wanda ya taɓa cin kasuwarmu.

Mai gidan yana da ƙane, Nata'ala. Yaron da aka kawo ni gidan na tarar yana yawo ba wando, ni na riƙa share masa hanci. Ya girma ya bi fatake, ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan jakuna, kanwa ya kai, goro ya kawo. Da jirgin ƙasa ya ratso ta wajen Taura, motoci kuma suka fara shigowa, fataucin jaki ya mutu a tsaye. Ya dawo gida da furfura da jaki ɗaya mai gyambo. Aka raba gandu, tsohuwar gonar ta faɗa hannunsa. Mu kuma, ni da ɗana Arzika (ba shi ne na fari ba, shi ya sa ka ji na kama suna), aka ba mu sabon wuri ta hanyar Buji, jigawa fara fat, wadda ko ƙadangare in zai ratsa ta sai ya yi guzuri. Ban yi ƙorafi ba. Ni da Nata'ala wasa ne tsakaninmu tun fil azal. Ina ce masa mijina mai kan tulu, yana ce mini ya sake ni tun ban tsufa ba. Duk Juma'a sai ya biyo ya ci ƙosai kyauta, ya ce gishiri ya yi yawa.

Shi dai noma bai iya ba, kuma ba ya son a ce bai iya ba. Da ya karɓi gonar ya ce wake shukar mata ce, tana shaƙe masa dawa. Ya tuge wanda ya tarar har saiwa, ya tara da karmami ya cinna wuta, gona ta yi tas kamar tsakar gidan amarya, yana ta nuna wa mutane. Fulanin da suka saba sauka da shanunsu a gonar da rani kuwa ya kore su, wai sun ci masa danga. Daga nan dawa zalla, bara dawa, bana dawa. Na faɗa masa sau ɗaya, ya ce mai tuya ta tsaya a kasko. Na tsaya.

Bara na shuka wakena a sabuwar gayaunata. Ya fito, amma fitowar marar lafiya: ganye ɗorawa-ɗorawa, bai yi yaɗo ba, bai rufe ko tafin ƙafa ba. Abin da na rora bai isa iri ba balle tuya. Harawar kuwa akuyata ta shinshina ta dube ni. Sai na tuna da Iya, mahaifiyata. Ita a wurinta wake ba ya zuwa baƙon wuri shi kaɗai. Takan ce yadda ba a kai amarya ba 'yan rakiya, haka ba a kai wake sabuwar gona ba ƙasar gidansu. A ɗebo ƙwarya guda ta danshin ƙasa daga inda wake ya saba, a rufe da faifai kada rana ta gan ta, a cuɗa da iri a inuwa, a shuka a ranar. Ban taɓa tambayarta dalili ba. A zamaninmu in ka tambayi uwa dalili, muciya ce ke ba ka amsa.

To bana da ruwan shuka ya sauka, na ɗauki ƙwaryata bayan sallar asuba, don rana ce ba a so, na je tsohuwar gonar. A gindin gawo akwai gyauron wake da ya tsere wa Nata'ala, nan na durƙusa na ɗiba. Ban nemi izini ba. Gaskiya ko a raina bai zo ba. Gonar da na binne cibiyar 'ya'yana a hanyarta, zan je in roƙi yaron da na share wa majina ƙasa cikin ƙwarya? Ina rufe faifai sai ga shi a kan jakinsa. Na ce masa mijina ya kama ni ina sata. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya dubi ƙwarya, ya dube ni, ya juya jaki. Na ɗauka barci ne bai sake shi ba.

Na cuɗa irina, na shuka. Na kuma bi kowane rami da tokar murhu da kashin akuya da na tara tun rani, don kada ka ce na ɓoye maka wani abu. Malam, ka zo ka ga wake. Ya yi baƙi-ƙirin don kore, ya rufe yashin nan har ba ka ganin inda za ka taka. Mata suna ratsowa daga rijiya don su gani. Ita kuwa gonar Nata'ala, dawa ta tsaya iya gwiwa, ta yi ja, ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse dawa, ya fito ya yi fure a gindinta kamar an shimfiɗa zane.

Ka san sauran. A garinmu wanda aka gani da asuba yana ɗiban ƙasar wani ya rufe da faifai, ba sai an yi masa tambaya ba. Nata'ala ya je gaban dagaci ya ce na ɗebe albarkar gonarsa na kai tawa, ga shaida ido yana gani: nan kore, can ja. Ya ce a fatauci ya ga irin haka a ƙasashe, ana ɗiban sawun mutum a nakasa shi, balle gona da ba ta gudu. Dagaci mutumin kirki ne, ya ce a bari sai an girbe gero, hankali ya kwanta, sannan in zo ko dai in rantse ban ɗauki komai ba, ko in amsa in nemi gafara in mayar da abin da na ɗauka. Yaya zan rantse, alhali na ɗiba? Yaya zan amsa, alhali abin da suke nufi ban yi ba? Ƙasar kuma ta bi yashi, ko da rariya ba na tace ta.

Arzika ya ce in amsa kawai a huta. Ban ga laifinsa ba. Ya kira gayyar maimai, 'yan mutanen da suka zo ba su kai su cinye tuwon da aka tuƙa ba, har aka ba maƙwabta. Matarsa Hassana in ta je rijiya sai hira ta mutu. Ni kuwa kasko na kife shi, don ba wanda ke aiko yaro sayen ƙosai, wai kada a ci wake mai asiri. Waɗanda na yi wa wankan jego, na yanke wa 'ya'yansu cibiya, su ne yau ke janye jikokinsu in na wuce. Liman da na kai masa kuka bai ce ni mayya ce ba, amma ya ce abin da Iya ta koya mini camfi ne, in tuba. Ni 'yar malam, a ce da tsufana na ɗora wa uwata da ke kabari wannan suna.

Abin da ya fi ci mini rai ban faɗa wa kowa ba sai kai da ba ka san fuskata ba. Wani lokaci in na tsaya a bakin gayaunar na ga koren nan, na tuna jar dawar can, sai in ce ko dai da gaske ne? Ko albarka abu ce da ke shiga ƙwarya? Ban karanta komai a kan ƙasar ba sai bisimilla, ban nufe shi da sharri ba, amma ai akan taka maciji ba da niyya ba. In da gaske na kwashe wa marayan Allah abincin bakinsa, gara in sani tun ina da sauran numfashi.

Juma'a tana zuwa tana wucewa, ba mai ce mini gishiri ya yi yawa. Ka gaya mini abin da zan yi kafin a girbe gero. Ba gona nake so ba, ba wake ba. So nake in an ɗauke ni a makara a ce tsohuwa mai ƙosai ce ta rasu, kada a ce komai bayan haka.

Tsohuwa mai gayauna a kan yashi.

AMSA

Iya, na karanta takardarki, kuma wanda ya mayar da ita boko ya ce in gaya miki ya yafe. Maganar aure kuwa ban makara ba, sai dai ina tsoron matar da ke fita da ƙwarya da asuba. Na sauya sunayen mutanenki don kada mu ƙara wa wuta kara.

Na fara da abin da ke hana ki sukuni. Ba ki ɗebe albarkar gonar kowa ba. Abin da ke cikin ƙwaryarki halitta ce ta Allah, kuma an san ta. A cikin ƙasar da wake ya saba akwai wasu 'yan halittu masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Na tambayi masu aikin gonar gwaji, sun tabbatar mini. Su ne ke shiga jikin wake ta ƙarƙashin ƙasa, ya ba su masauki da abinci, su kuma su jawo masa daga iska abin da ke sa ganye kore, irin abin da taki ke bayarwa. In wake ya gama, abin da ya rage a ƙasa sai gero da dawa su ci. Shi ya sa kakanninmu ba su raba su ba. A ƙasar Turawa, in ji masu gwajin, har kiwon halittun nan ake yi a kwalba, manomi ya cuɗa da iri a inuwa, don zafin rana na kashe su. Kwalbar ba ta iso mana ba, kuma sun ce ko can ba kullum take ci ba. Kafin kwalba kuwa, ƙasa suke ɗiba daga tsohuwar gona zuwa sabuwa. Ki ji fa: faifan mahaifiyarki da inuwarta duk suna da dalili.

Yawancin gonakinmu suna da halittun nan tun asali, shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa jin buƙatar rakiyar ba, har suka ga baƙon abu a hannunki. Amma farin yashi da ya daɗe yana shan rana tsirara yana iya rasa su. Kuma kada ki ba ƙwarya yabon duka. Tokar nan da kashin akuya sun yi nasu, wataƙila ma rabin aikin nasu ne, don halittun ba sa aiki a cikin ƙasa mai yunwa.

Ɗiban ƙwarya guda ba ya rage gona, kamar yadda ɗiban wuta ba ya kashe murhun maƙwabciya. Sai dai, Iya, mai ɗiban wuta sallama take yi. Nan ne kika yi kuskure, kuma shi kaɗai ne. Tun ranar da aka raba gandu gonar ta zama tasa, ko da ke kika goya shi. Da kin ce masa tun da yamma gobe za ki zo ɗiban ƙasa, da ya yi miki dariya ya ce tsufa ya kama ki, shi ke nan.

Shi ma ki dube shi da idon rahama. Mutum ne da sana'arsa ta mutu a hannunsa, ya dawo cikin manoma yana koyon abin da yara suka iya, gonar yayansa da kowa ya san ta da albarka tana lalacewa a gabansa. Ya cire wake, ya ƙone abin da zai ruɓe ya ciyar da ƙasa, ya kori shanun da ke taka ta, ya ɗora mata dawa a kan dawa. Ƙasa ta gaji, ƙuduji kuwa gajiyayyar ƙasa yake nema. Wannan shi ne ciwon gonarsa, kuma ina jin a can cikin ransa ya fara zargin haka. Ya fi masa sauƙi a ce an yi masa asiri da a ce bai iya ba. Ƙazafin da ya yi miki babba ne, ban rage masa ba, amma in kika kayar da shi a gaban dagaci da jama'a, za ki wanke sunanki ki rasa mai cin ƙosanki har abada.

Saboda haka kada ki jira a girbe gero. Ki fara da Liman. Ki kai shi gayaunarki da rana, ki tona gindin wake ɗaya mai ƙarfi a hankali da ƙasarsa, ki wanke, ki nuna masa 'yan ƙwayoyin da ke manne a jiki, ki fasa ɗaya da farce. In cikin ja-ja ne kamar nama, halittun suna aiki. In fari ne ko kore, zaman banza suke. Ki gaya masa ba ki ce ƙasa na ba da albarka don kanta ba, sababi ne kamar taki, mai bayarwa Allah ne. Malami ba ya kiran taki camfi. In ya gamsu, ki roƙe shi ya raka ki gidan ƙanin mijinki, ke da Arzika, da goro a hannu, rana tsaka.

A can ki nemi gafarar shiga gonarsa ba izini, da bakinki, ba da wasa ba. Ki ajiye mai kan tulu a gida ranar. Kada ki nemi gafarar asiri, kuma kada ki rantse ba ki ɗauki komai ba: ki ce ƙasa kika ɗiba, ga dalili. Sannan ki biya shi da abin da ya fi abin da kika ɗauka. Ki yi masa alkawarin irin wake daga na bana, da ƙwarya biyu ta ƙasar gayaunarki in damina ta dawo, ki ce ya zo ya ɗiba da hannunsa. Ta haka zai iya gaya wa dagaci an mayar masa da abinsa, ya janye ƙara ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Maganar ya mayar da wake tsakanin dawa, ya yanke harawa ya bar gindin a ƙasa, ya shirya da Fulani, ki bar wa Liman ko Arzika su faɗa masa wata rana. Daga bakinki ba za ta shiga ba.

In ya ƙi, to ki je gaban dagaci ki faɗi gaskiyar nan yadda take, Liman na gefenki, ki bar sauran ga Allah. Arzika kuma ki gaya masa amsa laifin da ba a yi ba ba ya kawo hutu. Yau za a ce kin amsa, gobe in akuyar wani ta mutu ƙofarku za a zo.

Gargaɗi ɗaya, kuma ki riƙe shi da kyau. Irin ƙuduji ya fi ƙura ƙanƙanta, yana kwance a ƙasa shekaru. Gonar da kika ɗebo ƙasarta tana da shi. Ina tsoron ba albarkar Nata'ala kika kwaso ba, ciwonsa kika kwaso. Ki riƙa zaga gayaunarki da gonar Arzika, duk wanda ya ɓullo ki tuge shi kafin ya yi fure, ki ƙone a waje. Nan gaba duk mai son yin rakiyar nan ya ɗiba daga gona mai tsabta, da izinin mai ita.

Ki tayar da kaskonki tun yanzu, ko mutum ɗaya ne ya saya. Ƙamshi ya fi rantsuwa saurin jawo mutane. Allah ya huce zukata, ya ba ki tsawon rai da lafiya, ya sa a ci waken nan a gida biyu.

Garin kuwa ba zan ba ki ba. Saiwar wake ce: mai ƙuraje ita ce lafiyayya, ƙurajen ɗakunan halittun nan ne, wadda ta fito sumul kuwa yunwa take ji.

Naki, Malam Idirisu, mai kula da wannan fili.